Abin da ke kashe baturanmu kafin lokacinsu a zangunan Akra

Idan aka ɗauke wuta a Nima ko Maamobi, ba komai ne ke tsayawa ba. Fitilar mai shayi tana nan a kunne, mai momo yana ci gaba da aikinsa a kiyos, kwamfutar mai buga takardu ba ta mutuwa nan take, da asuba kuma ana jin muryar ladan a lasifika. Abin da ke riƙe da yawancin waɗannan shi ne wani akwati mai nauyi, rufaffe ruf, wanda da yawanmu ba mu taɓa karanta rubutun da ke jikinsa ba. Shi ne rufaffen batir na dalma da asid, wanda wasu 'yan kasuwa ke kira busasshen batir. Yana cikin UPS, yana cikin fitila da fanka masu caji, yana bayan inbata da sola, yana ƙarƙashin kujerar babura da dama.

Ƙorafin da nake yawan ji a kansa iri ɗaya ne: batirin yanzu ba shi da ƙarko, an saya bara, bana ya mutu, to lalle jabu ne. Jabu kam akwai shi a kasuwa, ba musu. Amma na sha zama wurin masu gyaran inbata da sola, tun daga nan Nima har zuwa Malam, ina kallon baturan da ake saukewa daga tasi. Wani ya kumbura kamar burodi, wani ya yi wata biyar a ƙarƙashin gado babu caji, wani kuma an jona shi da allon sola kai tsaye. Mafi yawansu riƙo ne ya kashe su. Kuma duk batirin da ya mutu da wuri asara biyu ce: kuɗin sabo ya fita daga aljihu, dalmar tsohon kuma ta shiga unguwa.

Yadda muka saba da batir

Dumso ne ya koya mana. Kalmar daga Twi take, "dum" a kashe, "sɔ" a kunna. A watan Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun iskar gas na Afirka ta Yamma a kusa da Lome, gas ɗin da ke zuwa daga Najeriya ya tsaya. Ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, bashi ya yi wa harkar lantarki katutu. Zuwa 2015 jadawalin rabon wuta ya kai sa'a 24 babu, sa'a 12 akwai. A ranar 16 ga Mayun shekarar ne 'yar fim Yvonne Nelson ta jagoranci gangamin dare na neman a kawo ƙarshen dumso. Abin ya lafa daga baya, amma a 2024 mun sake ɗanɗana shi.

A waɗancan shekarun ne batir ya shiga gidaje da shaguna da masallatan unguwa sosai. An sayar mana da shi, an haɗa mana waya, an karɓi kuɗi. Abin da ba a cika yi ba shi ne a zaunar da mai saye a faɗa masa yadda zai riƙe shi.

Me ke cikin akwatin

Fasahar tsohuwa ce. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a 1859. Batir mai bolt 12, wanda ake rubutawa 12V, yana da ɗakuna shida a ciki, kowanne na ba da kusan bolt 2.1. A kowane ɗaki akwai farantan dalma da ruwan asid.

Bambancin rufaffe da na mota mai murfi shi ne ruwansa ba ya yawo. A wanda aka rubuta wa AGM, wata tabarma ce ta zaren gilashi ta shanye asid ɗin. A wanda aka rubuta wa GEL, an daskarar da shi kamar kamu. Iskar da ke tasowa lokacin caji tana komawa ruwa a can ciki, shi ya sa ba a ƙara masa ruwa. Amma akwai ɗan bawul da ke buɗewa idan iskar ta yi yawa. Duk abin da ya fita ta nan ya tafi ke nan, babu hanyar mayar da shi.

Ga abu na biyu da ya kamata a fahimta. Duk lokacin da batir ke ba da wuta, wani farin abu kamar gishiri yana taruwa a jikin farantan. Caji ne ke narkar da shi. Kun san tukunyar tuwon zafi: idan aka jiƙa ta da an gama kwashewa, wanki ba wuya. Idan ta kwana uku, sai an sa ƙarfi, kuma ba lalle ƙanzon ya fita duka ba. Haka wannan gishirin yake. Idan batir ya zauna babu caji, yakan taurare, ya toshe faranti, batirin ya daina riƙe wuta. Za ka sa shi a caji ya nuna ya cika cikin rabin sa'a, ka kunna fitila ya mutu cikin minti goma.

Kada a tatse shi har ƙarshe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar batir yana aiki sai inbata ta yi ƙara ta kashe kanta. Yawancin inbatoci suna yankewa ne a wajen bolt 10.5, kuma a wannan matakin batirin ya riga ya ƙare ƙarƙaf. Takardun masu ƙera ƙananan batura rufaffu sukan nuna lissafi kusan iri ɗaya. Idan kullum ana tatse shi duka, zai yi zagayen caji 200 zuwa 300. Idan rabi ake sha, zai kai wajen 500. Idan kashi 30 cikin 100 kawai ake taɓawa, yakan haura 1,000. Batir ɗaya, kuɗi ɗaya, amma wani zai ci wata takwas da shi, wani ya ci shekara uku.

To ta yaya za ka san ka kai rabi? Da ƙaramar mitar gwaji, wadda ake samu a kowane shagon kayan wuta. A cire wa batirin kaya da caja, a bar shi ya huta na 'yan sa'o'i, sannan a auna. Bolt 12.7 zuwa 12.9 cikakke ne. Wajen 12.5 saura kashi uku cikin huɗu. Wajen 12.2 zuwa 12.3 rabi ke nan, nan ne wurin tsayawa. Idan ya sauka ƙasa da 12.0, a kai shi caji a ranar, kada a ce sai gobe.

Lissafin abin da zai iya ɗauka ma ba wuya. A ninka bolt da lambar da aka rubuta wa Ah. Ƙaramin batir na UPS mai 12V 7Ah yana da wat 84 na sa'a guda, rabinsa 42. Wato ƙwan fitila mai wat 5 zai yi sa'a takwas a kansa lafiya lau. Babban batir mai 100Ah yana da 1,200, rabinsa 600. Idan aka ɗora masa fanka mai wat 60, talabijin mai wat 60 da ƙwai uku masu wat 10, an tara wat 150. Sa'a huɗu ke nan a takarda, kuma da yake inbata ma tana cin nata rabon, a ƙaddara uku da rabi. Wanda ke son ya kwana da fanka har asuba a kan wannan batirin, ko dai ya kashe talabijin da wuri, ko ya ƙara batir. Firij, abin guga da butar dafa ruwa kuwa, waɗannan ba abokan ƙaramin batir ba ne sam.

A lura kuma, batirin mota daban yake. An yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi ya tayar da inji, farantansa sirara ne. Idan aka mai da shi batirin inbata, ba ya daɗewa.

Caja ita ce rabin rayuwar batir

A juya batirin a duba jikinsa. Kusan kowane rufaffen batir yana ɗauke da layi uku na lambobi. Wanda aka rubuta wa "Cycle use" na batirin da ake sha ana cikawa ne kullum, kuma yawanci yana farawa daga bolt 14.4 zuwa wajen 14.7 ko 15.0. Wanda aka rubuta wa "Standby use" na batirin da ke zaune kan wuta yana jiran ko-ta-kwana ne, kamar na UPS, wato bolt 13.5 zuwa 13.8. Layi na uku yana faɗin iyakar ƙarfin wutar da za a tura masa. A batir mai 7Ah za ka ga wajen amfiya 2.1.

Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kashi ɗaya cikin goma na girman batirin. Mai 7Ah yana son wajen amfiya 0.7 zuwa 1, mai 100Ah kuma amfiya 10 zuwa 20. Caja mai kyau tana aiki hawa uku: ta fara da ƙarfi, ta tsaya a wajen bolt 14.4 tana rage wuta sannu a hankali har ya cika, sannan ta sauko zuwa wajen 13.6 ta riƙe shi a nan. Irin wannan za ka iya barinta a jone. Tsohuwar caja mai tiransifoma kawai, wadda ba ta san cika ba, idan aka bar ta ta kwana tana dafa batir ne. Bawul ya buɗe, ruwa ya tafi, batir ya bushe.

Shi ya sa nake ce wa mutane kada su kai ƙaramin batir rufaffe wurin fita a jona shi da babbar cajar baturan mota don a yi sauri. Haka kuma kada a yarda wani ya ɓalle murfinsa ya ɗura masa asid da sunan farfaɗo da shi. Zai iya yin sati biyu yana nuna kamar ya tashi, daga nan shi ke nan.

Masu sola su ma su ji. Allon sola da ake kira na bolt 12 yana iya fitar da bolt 18 zuwa sama da 20 a tsakar rana. Dole a sa kwanturola a tsakani, kuma a shiga saitinta a zaɓi irin batirin, AGM ko GEL. Idan an bar ta a saitin batir mai ruwa, wasu kwanturololin sukan ɗaga wuta lokaci-lokaci sama da abin da rufaffe zai jure.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu masu fama da ɗauke wuta. Batir mai 100Ah da aka sha rabinsa, a kan caja mai amfiya 10, yana buƙatar wajen sa'a bakwai zuwa takwas kafin ya cika sosai, domin kashi na ƙarshe shi ne ke shiga a hankali. Idan wuta ta zo sa'a uku ta tafi, aka sake sha, gobe ma haka, batirin zai yi makonni bai taɓa cika ba, gishirin nan yana ta taruwa. Maganin shi ne aƙalla sau ɗaya a mako a sauke masa kaya, a bar shi ya cika har caja ta sauko da kanta.

Su sanyi, mu zafi

Wannan ƙaramin batir mai 7Ah ɗin da ke cikin UPS ɗinmu, shi ne masunta ke ɗauka a Kanada da jihar Minesota ta Amurka idan tafki ya daskare. Suna huda ƙanƙara, su zura na'urar da ke nuna musu inda kifi yake. Damuwarsu ita ce sanyi yana rage ƙarfin da batir ke bayarwa, don haka yakan gaji da wuri a ranar. Amma sanyi ba ya tsufar da shi. Mu namu akasin haka ne: a zafi batir yana ba da wuta da kyau, amma yana tsufa da sauri.

Masu ƙerawa suna auna shekarun batir ne a digiri 20 zuwa 25. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba rayuwarsa biyu. Batirin da aka ce zai yi shekara biyar, idan yana zaune a digiri 35, a sa ran biyu da rabi. A Akra kuwa zafin rana yakan haura digiri 30 daga Fabrairu zuwa Afrilu, balle a cikin kontena ko kiyos mai rufin kwano da aka kulle tun azahar.

Don haka wurin ajiye batir ba ƙaramin abu ba ne. A nemi wuri mafi sanyi a ɗakin, nesa da taga mai rana, nesa da bayan firij da janareta da murhu. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin batir da batir. Kada a kulle shi a akwatin da iska ba ta shiga, domin ko rufaffe ne yakan saki ɗan iskar haidirojin, ita kuma tana kamawa da wuta. A ɗora shi kan katako ko benci, musamman a gidajen da ke kusa da babbar gota, inda ruwa ke shiga ɗaki a damina. Idan ka taɓa shi lokacin caji ka ji ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko ka ga ya fara kumbura, ko ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, cire caja nan take ka buɗe taga. Batirin da ya kumbura ba ya gyaruwa.

Kawunan batir ma suna son kulawa. A ɗaure su tamau, a goge farin garin da ke taruwa, a shafa ɗan basilin. A sa fis a kan jar waya kusa da batirin. Kuma a cire zobe da agogon ƙarfe kafin a sa sifana, domin babban batir idan ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu yana iya narkar da shi a hannunka.

Idan za a yi tafiya

Batir yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba, wajen kashi 3 cikin 100 a wata idan wuri da sanyi, fiye da haka a zafinmu. Wanda zai tafi aikin hajji, ko zai je Tamale, Bawku ko Kumasi ya daɗe, ya cika batirinsa tukuna, ya cire wayoyin, sannan ya tafi. Inbata ko a kashe kaya tana ɗan shan wuta idan an bar ta a kunne. Idan ajiyar za ta yi tsawo, a bar wa wani amana ya cika shi duk wata uku.

Wannan ya shafi fitilu da fankoki masu caji ma, waɗanda ƙananan batura masu bolt 4 ko 6 ke cikinsu. Da wuta ta daidaita sai mu jefa su saman kabad. Ranar da dumso ya dawo a ɗauko, a tarar sun mutu. Ku riƙa sa su a caji ko sau ɗaya a wata. Lasifikar masallaci ko ta makarantar Islamiyya da ba a fito da ita sai lokacin tafsiri ko maulidi, ita ma haka. Kwamiti ya ɗora wa mutum ɗaya wannan aikin, don abin da yake na kowa shi ne ba mai duba shi.

Wajen saye

A je da mita. Sabon batir mai bolt 12 da ya nuna ƙasa da 12.5 a shago ya daɗe a ajiye, a nemi wani. A duba ranar da aka ƙera shi idan an buga. A ɗaga shi a ji nauyi, domin dalma ce ke riƙe wuta kuma dalma tana da nauyi. Mai 7Ah na gaske yakan kai kilo biyu ko ya ɗan haura, mai 100Ah kuma wajen kilo 30. Wanda aka rubuta wa 100Ah amma yaro na ɗaga shi da hannu ɗaya, lambar ce kawai. A karɓi rasit da garanti a rubuce.

Idan inbatar mai bolt 24 ce, batura biyun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekara ɗaya. Haɗa sabo da tsoho yana jawo sabon ya bi tsohon. Masu hali yanzu suna komawa batirin litiyam, wanda ya fi daɗewa kuma ya fi jure tatsa, amma ya fi tsada, kuma yana da nasa saitin caji dabam.

Inda tsohon batir ke ƙarewa

Ko an riƙe shi da kyau, wata rana zai gaji. A nan ne maganar ta wuce ta aljihu. Mafi yawan dalmar da duniya ke amfani da ita, wajen kashi 85 cikin 100, a batura take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma yara ƙanana ta fi cutarwa: tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, yana da dalma a jini a matakin da ke buƙatar a ɗauki mataki.

Mun ga abin da take yi a yankinmu. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda fasa tsofaffin batura da tace dalma a tsakar gidaje. A jihar Zamfara ta Najeriya, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ta kashe yara sama da 400 a 2010. A nan Akra kuwa mun san yadda ake fasa batura da adda a Agbogbloshie, ana zubar da asid a ƙasa, kafin a rushe wurin a Yulin 2021. Rushewar ba ta kashe sana'ar ba, ta watsa ta ne zuwa wasu lunguna, wasu ma kusa da gidajenmu.

Gana ta kafa doka a kan haka a 2016, wato Dokar Sharar Lantarki da Abubuwa Masu Haɗari mai lamba 917, kuma hukumar EPA ce ke ba masu narka dalma lasisi. Amma doka ba ta shiga tsakar gida, mu ne a ciki. Kada a fasa batir a gida. Kada a zubar da ruwansa a gota, domin gotar Nima tana gangarawa Odaw ne, daga nan sai Korle da teku. Kada a bar yara su yi wasa da shi ko su zauna a kansa. Kada a narka dalma a tukunya ko murhun da ake girki. A mayar da shi yadda yake, ba a huda ba, ga dilan da ke karɓar tsoho a rage kuɗin sabo. Idan 'yan kondem za a sayar wa, a tambaye su ina suke kai shi, kuma kada a yarda su tsiyaye shi a ƙofar gida don ya yi sauƙin ɗauka. Da yawansu 'yan uwanmu ne da suka zo neman halak, su ma jikinsu ne ke shan gubar. Wanda asid ya taɓa ya wanke da ruwa mai yawa. Idan ido ne, a yi ta zuba ruwa na aƙalla minti 15 sannan a wuce asibiti.

Shawarata ga kowane gidan haya, shago ko kwamitin masallaci ita ce a haɗa kuɗi a sayi mitar gwaji guda ɗaya, kuɗinta bai kai ko kusa da na batir ba. A rubuta ranar saye a jikin kowane batir da maka. A ware rana ɗaya a mako, ko Juma'a bayan an sauko, a auna, a cika wanda bai cika ba. Batirin da ya kai shekara uku maimakon ɗaya ya bar maka kuɗin batura biyu a aljihu, kuma ya rage batura biyu da za a fasa a bayan gidan wani.